Firizar da Mahmudu Ya Kawo wa Dada

Yelwa, Mubi
Farkon watan Babbar Sallah

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Amna da yara, da fatan zafin Yola bai fi ƙarfinku ba. Dada tana gaishe ka. Ni ma na gaishe ka, domin haka aka koya mana, ba domin raina yana min daɗi ba.

Na rubuto a takarda na ba direban motar Yola saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Tun da ciwon suga ya kama mahaifiyarmu ni nake zaune da ita, kuma gidan nan bai taɓa zaman jiran wutar gari ba. Ina da tsarina. Fitilun caji a cike, fitilar ƙwai da kananzir saboda ranar da caji ya ƙare, buhun gawayi a kan dutse don kada damshi ya taɓa shi, ruwa a duro a rufe, ashana cikin kwalba. Maganin allurarta yana cikin ƙaramin tulu, tulun yana cikin randa, tsakaninsu jiƙaƙƙen yashi, a lungun da rana ba ta kaiwa. Safe da yamma nake yayyafa wa yashin ruwa. Har jakar gudu da Dada take ajiyewa a bayan ƙofa tun shekarar da muka bar garin nan a ƙafa, ni nake duba kayan cikinta.

Sai ga ka da motar kaya: faifan sola, batura, inbata, da firiza mai tsawon makara. Ban ƙi ba, na ma gode. Amma ka dubi randata ka ce, "Adda, wannan ai ta gidan tarihi ce." Ka sa aka fitar da ita, ta fashe a bakin zaure. Fitiluna ka rabar wa maƙwabta kamar kayan mamaci. Ka sa maganin Dada a kwandon saman firiza, ka rage sanyin, ka ce an gama da wahala.

Da ka tsaya nan da na haɗiye. Amma bayan La'asar ka miƙe a masallacin layi ka ce gidan Dada yanzu gidan wuta ne, duk mai buƙata ya zo. Ka manna hotonka a murfin firiza, hula a karkace, an rubuta "Mahmudu Hayatu, Hasken Yelwa". Na shekara ashirin ina koyar da tarihi, na san yadda mutum yake yi in ya hango kujerar kansila. Daga ƙarshe ka garƙame akwatin inbata da kwaɗo, ka tafi da makullin Yola, wai kada mata su taɓa wayoyin wuta.

Zo ka ga gidan yanzu. Wayoyin layin nan kaf suna kwance a kan sallayar Dada, sai ta ture su kafin ta sa goshi a ƙasa. Hapsatu maƙwabciyarmu tana daskarar da zobonta na sayarwa a nan. Jiya wani ya shigo da dutsen guga da manyan riguna. Ka san Dada da kunya. Ko zanin jikinta aka roƙa, sai ta ce a jira ta shiga ɗaki ta cire.

Abu biyu nake so kafin Sallah. Ka aiko da makullin. Ka kira liman ka janye maganarka. Na karanta littafin da ya zo da inbatan, wanda kai ba ka buɗe ba, kayan da aka ɗora masa sun fi ƙarfinsa.

Allah ya tsare.
Addarka, Rukayyatu

*

Jimeta, Yola

Zuwa ga Adda Rukayyatu mai daraja,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar lafiyar Dada da taki, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, kuma na karanta ta da zuciya ɗaya.

Adda, a yi haƙuri game da randa. Zamani ne ya zo, ba raini ba ne. Maganar maƙwabta kuwa, kin san marigayi Baba bai taɓa rufe ƙofarsa ba. Da wace fuska zan kira liman in ce na fasa alheri? Mutanen nan su suka riƙe Dada a hanyar Maiha shekarar gudu, lokacin da ni ina nesa. Ɗan cajin waya bai kai a yi magana ba. Hoton kuma yara ne suka buga, ban so in kunyata su ba.

Makulli zai zauna a wurina. Wanda ya haɗa kayan ya tabbatar min cewa in aka taɓa akwatin, ba ruwansu da duk abin da ya lalace. Abin da kawai ake buƙata shi ne kada a riƙa buɗe firizar barkatai, sanyi yana tserewa. Na jaddada wa Dada wannan da kaina.

Ina kuma tunatar da ke maganarmu a gaban Dada. Na ce zan yi iyakar ƙoƙarina a samar wa maganinta sanyi a Mubi. In hakan bai yiwu ba, to za ta dawo wurina Yola, inda muke da janareta da asibiti kusa. Na san ba ta so, na san ke ma ba kya so. Shi ya sa na kashe abin da na kashe.

Ba zan samu zuwa Sallah ba, akwai taruka. An aika da ragonta.

Naki mai biyayya,
Mahmud Hayatu

*

Yelwa, Mubi
Bayan Sallah

Mahmudu,

Salamu alaikum, barka da Sallah. Dada tana da rai, na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune. Ta kwanta asibiti, an sallamo ta jiya.

Ranar jajibere aka kira ni Maiha, 'yata Na'ima ta haihu. Na tafi da niyyar in dawo washegarin Sallah. Ruwa ya sauko bai ɗauke ba, mayo, kogin da ke kan hanya, ya cika ya hana mota wucewa, wayata ta mutu. Can na maƙale.

Ka san yadda layin nan yake yi da naman layya tun kafin a haife mu. A soya shi ƙarau a mansa, a yi dambu, a shanya na shanyawa, ya kai wata bai yi komai ba. Bana babu wadda ta hura wutar suya. Don me? Hasken Yelwa ya ce a kawo. Gida gida aka riƙa shigowa da cinyoyi da haƙarƙari da kayan ciki a leda, kowa ya ɗaura tsumma mai launi don ya gane nasa. Da wuri ya ƙare, aka ciro kwandon sama, maganin Dada ya zame ya faɗa ƙasa. Wani mai ilimi ya murɗa sanyin zuwa ƙarshe. Nama ya daskare ya zama dutse guda, maganin yana ƙarƙashi.

Na tambaye ta a gadon asibiti, "Dada, me ya hana ki ce su ciro kayansu?"

Ta ce, "Ranar Sallah zan ce wa mutane su kwashe namansu daga gidana? Ai sai a ce ni wace iri."

"To allurar fa?"

Ta ce, "Na ɗauka in na rage tuwo zai wadatar."

Ka ji. Uwarmu ta zaɓi ta mutu da ta ɓata wa Hapsatu rai. Ta daina allura, ba ta gaya wa kowa ba, tana zaune tana yi wa masu caji sannu da zuwa.

Sannan hadari ya rufe rana, batura suka zube, inbata ya yi ta kuka ya yi shiru. Wutar gari dama an manta kamanninta. Babu wanda ya buɗe firiza, domin Mahmudu ya ce sanyi yana tserewa. Suka bar ta a rufe cikin zafin nan suna tsare sanyin da ya riga ya tafi.

Miriyamu, tsohuwar nas ɗin nan 'yar Michika da ke bayanmu, ita ta shigo kawo gaisuwar Sallah da rana ta tarar da Dada a yashe bakin randar wanka, bakinta a bushe, ba ta gane mutane. Tsakar gida cike da masu jiran wuta ta dawo, kowa ya ɗauka barci take. Miriyamu ta tsayar da keke napep ta kai ta asibiti.

Da na iso, tun daga bakin layi na san abin da zan tarar. Ban san wari yana da nauyi ba sai ranar. Ƙudaje sun rufe hotonka, hular kawai ake gani. Na ɗaure hanci da mayafi na ɗaga murfin. Ledoji sun kumbura sun fashe. Wani ruwa kore yana tsaye har rabi, kitse yana yawo a kai, tsutsa tana tafasa a cikin tumbi, kan rago yana kallona da ido fari. Na yi amai a kan takalmina. Na yi amai har ba abin da ya rage.

Amma wallahi ba wannan ya fi ba ni ƙyama ba. Labari ya zaga, sai ga masu nama. Na ce to, ga masu tambayar jikin Dada. Ina. Tsayawa suka yi kan ruɓa suna rabon gado.

Hapsatu ta ce, "Mai jan tsumma nawa ne, cinyar ta fi wannan girma, wani ya yanka."

Matar tela ta ce, "Ke Hapsatu, ragon naku da ko akuya ta fi shi, ina ya samo wannan cinya?"

Wani dattijo ya matso ya ce min, "Malama, na tsakiya ƙila bai taɓu ba, in an wanke da lemon tsami."

Na ce, "Baba, ga hannu ga firiza, bismillah." Ya ja da baya yana gyara hula.

Ni na sa hannu har kafaɗa na lalubo kwalaben maganin a ƙasa. Sun daskare sun narke sun yi iyo a jini. Na haƙa rami bayan gida, ni da Miriyamu muka binne layyar layi guda. Daga nan na ɗauki taɓarya na je wurin kwaɗonka. Duka uku. A ciki maɓalli ne guda ya faɗi, na ɗaga shi da ɗan yatsa, fanka ta juya. Abin da ke Yola cikin aljihunka ke nan.

Na san abin da za ka rubuto. Rubuto.

Rukayyatu

*

Jimeta, Yola

Adda,

Assalamu alaikum. Inna lillahi. Na karanta ban iya cin abinci ba. Na yi kuskure a kan makullin, na amsa. Ki roƙa min Dada gafara kafin in roƙa da bakina.

Amma Adda, ki dubi gaskiya. Ke kika tafi kwana kaɗan, ga abin da ya faru. Gobe ma za a haihu, mayo zai sake cika, kuma Dada ba za ta koyi cewa a'a ba a wannan shekarun. An gwada Mubi bai yiwu ba. Ranar Asabar zan turo Andrawus direba da babbar mota, ta ɗauki Dada da kayanta. Amna ta gyara mata ɗaki.

Ina roƙon kada maganar naman nan ta yi nisa a unguwa. A cire hoton kuma, don Allah.

Ƙaninki,
Mahmud

*

Yelwa, Mubi
Asabar

Mahmudu,

Wa alaikumus salam. Andrawus ya iso lafiya, ya ci tuwo, ga shi zai juyo da takardar nan.

Na karanta wa Dada wasiƙarka ban rage ko harafi ba, har inda ka fi ni gaskiya. Ban sa baki ba. Ta tashi ta ɗauko jakar gudu daga bayan ƙofa, ta zauna a zaure da ita a cinya tana kallon motar. Na ce shi ke nan, na shiga haɗa zannuwa.

Sai na ji ta kira Andrawus. Ta ce, "Ɗana, na taɓa barin gidan nan da jakar nan, ana harbi a bayana. Ka gaya wa maigidanka ba zan sake barinsa saboda naman rago ba." Ta mayar da jakar inda take.

Ana cikin haka Hapsatu ta leƙo da wayoyi a hannu da robar zobo. Na tsaya in gani. Dada ta sunkuyar da kai, ta murza bakin mayafi, ta daɗe. Can ta ce, "Hapsatu, ba hali." A hankali ta faɗa, kamar mai neman gafara, ta kuma bi ta da goro har ƙofa. Amma ta faɗa.

Miriyamu ta kawo sabuwar randa daga Michika. Magani yana cikin yashinsa, ita ma ta san lungun, kuma duk ranar da ba na nan ita za ta yi allurar da hannunta. Solar ta zauna, fanka ce da ƙwan fitila, ta ishe su. Na sayi wasu fitilun.

Motarka ba za ta dawo wayam ba. Firizar tana baya, an ɗaure ta da igiya. Ban wanke ta ba, ban cire hoton ba. Na ba Andrawus turare da haƙuri, na ce kada ya tsaya a hanya.

Kwaɗonka yana ciki, can ƙasa, daidai inda maganin Dada ya kwanta. In kana so, naɗe hannun riga.

Dada ta ce ta yafe, a gaida Amna.

Addarka, Rukayyatu