Jan Tabo a Wandon Selwyn

Litinin, 5 ga Yuni

Enoch, maigidana, da sauƙi, sai tarin ƙurar kwal ɗin nan da ba ya barinsa da safe. Doreen, 'yata, lafiya, cikinta ya fara nauyi. Ni gwiwa ce kawai. Selwyn, autana, lafiyarsa lau, in ji jarida. A shafin baya nake jin lafiyar ɗana yanzu.

Ƙunshin kayansa ya iso. Ƙungiyar gundumarmu tana da masu wanki, amma ya ce fararen kayansa na wasan kurket sai hannuna. Jan tabon yana nan a cinyar dama, inda yake goga ƙwallo ta yi sheƙi kafin ya jefa. Tun yana yaro nake fama da tabon nan.

Enoch ya ce irin Selwyn ba su da yawa, ga jifa ga bugu. Bara ya buga wa Ingila. In bana ta yi kyau, za a sa shi cikin masu hawa jirgin ruwa zuwa Ostiraliya. Ni ban taɓa zuwa fili ba, ba kuma zan je ba. Ƙwallon nan dutse ce aka sa wa fata. Saboda Selwyn na shiga ajin yamma na coci da furfurata, don in karanta da idona cewa bai ji ciwo ba.

Asabar, 10 ga Yuni



Ba Selwyn aka jefa ba. Shi ya yi jifar.

Ina kicin na rufe ƙofa kamar kullum, Enoch na gindin rediyo yana sauraron wasan, sai na ji an kashe. Ya shigo ya ce, "Tsohuwa, zauna." Ƙwallon Selwyn ce ta daki ƙasa ta tashi, ta sami Cyril a gefen ido. Cyril Oddy, ɗan Nellie maƙwabciyarmu, da yake buga wa gundumar da ke gaba da tamu. Ranga-ranga aka fita da shi.

A baho ɗaya muka riƙa yi wa yaran nan wanka. Duk shekarun nan ina roƙon Ubangiji kada ƙwallo ta sami ɗana. Ban taɓa tunanin in yi addu'a a kan hannunsa ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Nellie ba ta zo coci ba. Na kai mata romo. Ta karɓa a bakin ƙofa, ta ce ta gode. Ba ta ce in shigo ba.

Laraba, 14 ga Yuni

Cyril ya farfaɗo. Idon hagu ya tafi.

Litinin, 26 ga Yuni

Ƙunshi ya iso. Koren ciyawa a gwiwa, datti a gindi, amma babu ja. Na juya wandon ciki da waje. Na biyun ma haka.

Jarida ta ce kafaɗa ke damunsa. Wace kafaɗa? Wanda kafaɗa ke damu ba ya aiko riga da gumin bugu har ƙugu. Ya daina jifa ne.

Enoch ya ce bugu kaɗai ba zai kai shi jirgi ba, waɗanda suka fi shi bugu sun cika ƙasar. Gundumar ma don abu biyun take riƙe da shi. Na ce a raina, gara haka. Wanki ya yi sauƙi yau. Abincin rana dai na kasa ci.

Lahadi, 9 ga Yuli

Ya zo gida. Ya rame, wuya duk ya fito. Ta bayan layi ya shigo don kada ya wuce ƙofar su Nellie.

Muna cin abinci ya ce, "Mama, da na rugo zan jefa, fuskarsa nake gani." Wai kyaftin ya miƙo masa ƙwallo, shi kuwa ya zuba hannu a aljihu a gaban jama'a. Sannan ya ce, yana kallon dankalin gabansa, in kakar wasa ta ƙare zai nemi aiki a ramin kwal.

Enoch ya ajiye cokali. Tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya ce, "Huhuna na ba ramin nan don kada ya karɓi naka."

Ni da na ƙare rayuwata ina fatan ya bar wasan nan. Ban taɓa tambayar kaina ina za shi in ya bari ba. Ƙofa biyu ce a garin nan: fili ko rami.

Lahadi, 23 ga Yuli

Bari in rubuta tun ban rikice ba.

Selwyn ya sake zuwa. Bayan coci na ji ana jan ƙarfe a ƙasa. Na leƙa taga. Cyril ne, da baƙin ƙyalle a ido, yana jan garwar shara zuwa tsakiyar lungu, inda suke kafa ta suna yara a madadin sandunan da mai jifa ke hari. Ga tsohon katakon bugunsa a hammata. Ran Lahadi, a idon kowa.

Ya ƙwala kira, "Kai Dogo, fito. Na ji an ce ka zama ɗan kallo."

Selwyn ya fita kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya fara cewa wani abu, Cyril ya cilla masa ƙwallo ya ce, "Riƙe haƙurinka, asibiti sun ƙosar da ni da shi. Jefo."

Ya jefa a hankali, ta ƙasa. Cyril ko ɗaga katako bai yi ba.

"Wannan kakata ce ta aiko ka? Ido ɗaya ka ci, malam, ba biyu ba. In za ka zubar da hannun nan, to a banza ka nakasa ni ke nan. Aƙalla in riƙa cewa wanda ya je Ostiraliya ne ya yi mini."

Na buɗe baki in hana. Ban hana ba. Ina kallo ɗana ya ja da baya har bakin lungu, ya goga ƙwallo a wandonsa na coci, ya rugo.

Ƙarar garwar nan har ƙarshen layi. Murfin ya yi tsalle ya faɗa gidan wasu. Cyril ya yi dariya, ya yi ta yi, sannan ya tsaya cak. Ya ce, "Ban ma gan ta ba." A hankali ya faɗa. Ina jin shi ma abin da ya fito ya sani ke nan.

Suka zauna a kan dakali. Nellie na tsaye a tagarta. Mun haɗa ido, ban san wadda ta fara sakin labule ba.

Litinin, 31 ga Yuli

Enoch da sauƙi. Doreen ƙafa ta kumbura, ungozoma ta ce ba komai.

Ja ya dawo. Tun daga cinya har kusa da gwiwa, kamar ya yi da gayya. Jarida ta ce ya fitar da masu bugu shida. Tsakiyar wata mai zuwa za a faɗi sunayen masu jirgi. Ban dirje tabon sosai ba, yadin ne ya fara laushi.

Ina shanya Nellie ta leƙo ta kan katanga. Ta daɗe tana kallon wandon. Ta ce Cyril ya nace sai ya je kallo ran Asabar, kuma har yanzu matakala na ruɗa shi, yana son mai riƙe masa hannu ta hagu. "Ni ba zan iya ba tukuna," in ji ta.

Ba kallo zan je ba. Rakiya ce. Zan iya duban takalmana.

Na rubuta wa Selwyn kati da hannuna, ban ba Doreen ta duba ba. Na ce ya samo mana kujera biyu, ba can baya ba, saboda idon Cyril. Ya ba ni amsa kafin Alhamis, don in san ko zan kai hulata a gyara.