Lifidin Kakana Nu'uman

Da sunan Allah. Ni Kalilu ɗan Amadu, na Gidan Lifidi a Daura, na rubuta wannan cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Jiki ne kawai ya gaza.

1. Gida da gonar Sandamu a raba su yadda shari'a ta ce. Rimin da ke bakin gonar ina roƙonku kada a sare shi.

2. Tsohon lifidin da ke cikin adakata ba ya cikin rabo. Tun ina da lafiya na ba 'yata Ummukulsum a gaban shaidu, don ita kaɗai ke tunawa ta shanya shi bayan damina. Dillalin kayan tarihin nan na Kano da ya taɓa zuwa neman sayensa zai dawo in ya ji na rasu. Ku ba shi ruwa ya sha, ku sallame shi.

3. Jikokina suna rubuta Lifidi a ƙarshen sunansu a makaranta, ba su san mene ne ba. Ku gaya musu. Riga ce mai kauri, a cusa mata audugar rimi a ɗinke, a sa wa doki, a sa wa mahayi. Kibiya in ta shiga sai ta maƙale. Masu sa ta su ne 'yan lifidi, su ake turawa gaba ranar yaƙi. Malamina ya ce asalin kalmar Larabci ne, libdu, wato matsattsen gashin da ake shimfiɗa wa doki ƙarƙashin sirdi. Bakinmu ne ya mai da ita lifidi. Kakana Nu'uman ya sa shi yana saurayi. Mahaifina ya ce saboda nauyinsa, in mutum ya faɗo ba ya tashi sai nasa sun ɗaga shi. Shi ya sa Kaka ba ya fita sai ƙannensa biyu na biye da shi a ƙasa.

4. Munzali, kai ne babba a cikin 'ya'yana. Tun da cinikin babura ya karye wa ƙanenka Harisu a Mashi ya dawo gida, ba ka amsa sallamarsa ba. Na san ka hana shi tafiyar, bai ji ba. Gaskiyarka ce, amma ya isa haka. Shagon kasuwa da ka rufe, ka buɗe masa. Harisu, kai kuma ka daina bi ta ƙofar baya. Gidan ubanka ne.

5. Ku biyu za ku shiga kabarina ku karɓe ni, ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa. Kafin ku shiga, ku gaisa.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku. Na yafe muku, ku yafe mini. Kada in bar tsakar gida ɗaya, a ja katanga a tsakiyarta.