Ba Buba Na Siffanta Ba

Laraba da dare, Sabon Birni

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Sati uku ina zama da mutanen da aka taɓa sacewa a hanyar Gatawa, don jami'in bincike ya ce ilimin halayyar ɗan Adam da na karanto zai taimaka a gano mai tsegunta wa 'yan bindiga. Na rubuta masa cewa ɗan gari ne, mai fara'a, wanda kowa ke gaya wa ranar tafiyarsa.

Yau sai suka kama Buba makiyayi, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa don kunya.

Na je ofishin jami'in, na ce, "Yallaɓai, ka ko karanta takardata?"

Ya ce, "Malam, Bafulatani ne, kuma yana shiga daji. Me ya rage?"

Gobe za ni Sakkwato in karanta wa manyansa ita da bakina.

Matar Buba ta wuni a ƙofar ofishin da goyo. Da na fito ta tare ni, ta ce, "Malam, wai kai ka ce shi ne?"

Na rantse mata ba ni ba ne. Ba ta yarda ba.