Gurasar Filin Jirgi

Zuwa ga Innata Hure, a Kunci,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? An gama cirar gyaɗa?

Na sauka Masar lafiya, kada ki damu. Sai dai tun a filin jirgi, kafin mu taso, aka karɓe dambun naman da kika ƙulla mini. Ban yi kuka ba, idona ne ya ɗan kawo ruwa.

Da yunwa ta matsa, na sayi wani abu wai shi fiza. Inna, gurasa ce da tumatir da cuku, yauƙinta ya fi na kuɓewa. Na gutsura, na ja har hannuna ya ƙare, zaren bai tsinke ba. Ina wannan kokawa aka kira sunana a lasifika. Na ruga da zare a gemu, ma'aikaciya ta ce, "Malam, goge bakinka, jirgin bai tashi ba."

Abincin nan Masar ma dangin fizar ne. Ina ci, wandona ne dai ya ƙara faɗi. Ki sa ni a addu'a.

Kada ƙanwata Ramlat ta ji labarin nan. In kuma ita ke karanta miki, Ramlat, ki ji tsoron Allah.

Ɗanki,
Muntaka