Ido Ɗaya Ya Rage wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a aikinka. Mu ma nan mun gode wa Allah. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, Auta kuma ya gama jarrabawa, yana ta cika mana baki tun sakamako bai fito ba.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Makon jiya na raka Baba birni ganin likitan ido, don kwana biyu yana yawan tuntuɓe da bokiti a tsakar gida, yana ɗora wa Auta laifi. Mun isa ana gobe za mu asibiti, sai ya kafe lallai sai mun hau dutsen nan da ake hango gari daga kansa. Na ce Baba ka huta mana, ya ce shi ya haife ni ko ni na haife shi. Ka san halinsa. Haka muka bi matakala, ina haki kamar tunkiya, shi yana gaba yana min dariya.

Wallahi wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Akwai benci da shingen ƙarfe, masu hoto suna ta kiran mutane, ga gari shimfiɗe a ƙasa, dogayen benaye sun jeru, rana ta daki gilasansu. Baba ya ce in nemo masa farin benen nan mai hawa goma sha huɗu, wanda ya yi aikin birkila a kansa yana saurayi, wanda ya ishe mu da labarinsa tun muna yara. Na nuna masa. Sai ya zaro igiyarsa daga aljihu, mai ɗan ƙarfe a ƙasa, wadda yake duba miƙewar bango da ita. Ashe har yanzu yana yawo da abarsa! Ya ce bari ya gani ko aikinsu ya karkace bayan shekara arba'in.

Ya ɗaga igiyar, ya runtse idon hagu yadda ya saba duk rayuwarsa. Can ya tambaye ni, a hankali, ko hadari ne ya rufe garin. Yaya, ko ɗigon gajimare babu a sama. Da ya buɗe na hagun sai garin ya dawo masa. Nan muka gane, ni da shi a lokaci guda, cewa idon dama ya riga ya mutu, na hagun ne yake ta rufa masa asiri. Na juya baya ina kuka, masu hoto suna kallona, ban damu ba.

Washegari likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na daman ba zai dawo ba. Na hagun ma gefensa ya cinye, kamar mai leƙe ta ramin makulli yake gani. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce zai rage gudun abin, amma ba ta yi mana alkawarin shekara ba.

A mota ya hana ni gaya maka, wai kada a ɗaga maka hankali kana wurin aiki. Ga shi na gaya maka, ya yi min faɗan daga baya. Shekara shida ke nan kana cewa baɗi za ka zo gida, kuma na gaji da kare ka a gaban Inna. Kada ka ce za ka kira Baba ta bidiyo, don a waya ba ya ganin komai sai haske. Da muke sauka daga dutsen yana riƙe da kafaɗata, ya ce bene dai ya gan shi, yana nan a miƙe, yanzu fuskarka kawai ta rage masa. Don Allah ka nemi hutu ka zo.

Inna da Goggo da Kawu suna gaishe ka, Auta ma haka. Ka gaishe min da Anti da yara. Igiyar tana wurina, ya ce in ajiye maka, shi ya gama da ita.

Ƙanwarka,
Sarkin Surutun Baba