Dariyar da Baba Aghali Ya Bari a Rami

Assalamu alaikum ƴan grup. Admin don Allah a ɓoye sunana, Arlit ƙaramin gari ne, in ka yi atishawa a tasha sai a yi maka sannu a Akokan. Shawararku nake roƙo don girman Allah, kaina ya ɗaure, kuma wallahi na gaji.

Ni mutumin Damagaram ne, neman abinci ya kawo ni arewa tun ina saurayi. Sana'ata zanen barkwanci, wato in kalli mutum in ja masa hanci, in kumbura masa kumatu, har shi da kansa ya yi dariya. Ba ubangida, ba albashi, abin da ya zo shi nake kamawa. Yau allon butik, wato shago, gobe sitika ta wayar salula, jibi wani ya dawo daga Tchibarakaten da ɗan zinariyarsa ya ce in zana shi da tumbi yana jingine da mota katkat. In zana, ya yi ta ƙyaƙyata dariya, matarsa ta gani ta aiko min da zagi wai na mayar mata da miji buhun gero. Wasu kuma "kai mai zane, ɗan zana ni mu gani" ta zame musu gaisuwa, sai ka ce hannun nawa famfon unguwa ne. Yayana kullum wa'azi, wai duk abin da na zana sai na hura masa rai ranar ƙiyama. Duk mai sha'awar wannan aiki ya sani, mutane suna son dariyar, mai kawo ta ne ba su ɗauka a bakin komai ba. Amma na saba da wannan, ba shi ya kawo ni ba.

Kafin a rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, fenti nake yi wa wani ɗan kwangila, ina rubuta allunan gargaɗi, shi ya sa wani lokaci ake sauka da ni ƙarƙashin ƙasa. In an zauna cin abinci sai in samu bayan kwali in dinga zana ma'aikata, ana ta tsiya ana dariya. A cikinsu akwai wani dattijo Ba'abzine direban injin kwasar dutse, zan ce masa Baba Aghali, ba sunansa ke nan ba. Wanda ya zauna da mutanen Abzin ya san dattijonsu ba ya buɗe baki a gaban jama'a, amawalin rawaninsa kullum yana kan hanci, ko shayi zai sha ta ƙarƙashi yake kai kofin, balle a gaban surukai. To amma a rami doka ce sai da kask, wato hular kwano, rawani a sama ake barin shi. Saboda haka mu ƴan ƙasa mu kaɗai muka san cewa wannan mutumin da ake shakka a gari yana da wushirya mai faɗi, kuma in ya yi dariya leɓensa na sama ɗagewa yake gefe ɗaya har dasashi ya fito. Mai zane in ya ga irin wannan baki, hannunsa ƙaiƙayi yake.

Na zana shi. Ya karɓi kwalin ya yi dariya har da hawaye, ya ce Bahaushe ba ka da kunya. Amma da aka tashi hawa sama sai ya jingine kwalin a bango, ya riƙe min hannu ya ce, "Wannan baki na rami ne, ka bar shi rami. Amana." Na ce na ɗauka Baba. Ko da za a rufe wurin, abokan aikinsa suka sa na yi musu babban zanen bankwana, kowa da katon kansa, shi kaɗai na naɗa masa rawani, ido kawai. Kwalin nan yana can ƙasa, an toshe ramin yana ciki.

Kwanan baya Allah Ya yi masa rasuwa bayan ya sha jinya. Muka je zaman makoki, tsofaffin ƴan rami suka haɗu, ka san mu, ana addu'a ana tuna baya, sai hira ta gangaro kan dariyarsa. Ashe ɗiyarsa tana jin mu daga cikin gida. Sunanta a nan Fatimata. Tun tana ƙarama iyayenta suka rabu, a Gougaram ta tashi wajen dangin uwarta, in uban ya je ganinta cikin surukansa yake sauka, rawani har ƙasan ido. Uwar ta riga shi rasuwa. Fatimata kuma kafin mota ta kawo ta an riga an kai shi makwanci.

Bayan an watse sai ga ta a rumfata tare da wata innarta. Ta nuna min katin ɗan ƙasansa, hoton ya koɗe, baki a ɗinke kamar an kama shi da laifi. Ta ce ta san idonsa, ta san muryar dariyarsa daga bayan ƙyalle, amma ba ta taɓa ganin inda dariyar take fitowa ba, an ce mata ni ne na taɓa zana ta. Na ce mata ni fa ɓata fuska na iya, hannuna bai san gaskiya ba, ko na yi niyyar zana mutum sosai sai hanci ya zarce. Ta ce ko na ban dariyar ne tana so, ba za ta nuna wa kowa ba. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Na ce ta ba ni lokaci, amanar kuwa ban iya faɗa mata ba.

Tun ranar ban ga daidai ba. Matata ta ce in zana, wai kunya ta masu rai ce, marainiya ta fi kwali hakki, har muka yi cacar baki ta ce ina zana tumbin ƴan zinariya ba na jin komai sai yanzu na zama waliyyi. Na je wajen wani abokin marigayin, shi ma Ba'abzine, tare suka yi rami. Ya ja amawalinsa sama tun kafin in gama magana, ya ce in na tsiraita fuskar mamaci a takarda, tsakanina da shi ko sallama babu, wai mutum ya yi shekarunsa duka yana tsare mutuncinsa sai ya kwanta dama a mayar da shi abin dariya. Yayana kuwa cewa ya yi Allah ne Ya nuna min ƙofar tuba, in ajiye fensir gaba ɗaya in bi shi kasuwa. Kowa da gaskiyarsa, ni ne a tsakiya kamar tsinken tsire. Aikin wani mai gareji yana gabana, allo ne kawai da bakanike mai katon kai, na kasa ko jan layi.

Abin da ya ƙarasa ni jiya ya faru. Fatimata ta dawo jin amsa, don ƙarshen mako za ta bi mota ta koma Gougaram. Tana jira tana duba zanukan da na liƙa a bango, sai idonta ya faɗa kan wani raƙumi da na sa wa kask yana neman aiki. Ta yi dariya. Jama'a, sai da na dafa tebur. Wushiryar nan ce, leɓen nan ne da yake ɗagewa gefe ɗaya, har dasashin. Bakin da take yawon nema yana fuskarta, ba wanda ya taɓa gaya mata, don waɗanda suka rene ta ba su san nasa ba, mu da muka san nasa ba mu san ta ba. Ta ce lafiya Malam? Na ce zafi ne.

To ku gaya min. In zana mata uban nata in ci amanar wanda ba zai iya tashi ya yafe min ba? Ko in ce mata na manta fuskar, ta koma da katin da ya koɗe? Ko kuwa in ce ta zauna a kan benci in zana ta ita kanta tana dariya, in miƙa mata in ce ga abin da kika zo nema? Ita ba ta rufe fuska, kuma ban yi wa kowa alkawari a kan bakinta ba. Amma zuciyata tana ce min wayo ne kawai nake yi wa mamaci, don Baba Aghali cewa ya yi in bar shi a rami, bai ce in nuna wa kowa hanya ba.

Masu ilimin addini, da ƴan'uwa mutanen Abzin da ke cikin grup ɗin nan, ku taimaka min kafin motar ta tashi. Gobe da hantsi za ta zo, kuma na san in ta sake yin dariyar nan a gabana ba zan iya cewa zafi ne ba.