Tabarmar Hansatu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An fara! Na raba 'yan kasuwar Wuse gida biyu: rukunin farko su riƙa cin abincin rana tare, na biyu kowa ya ci shi kaɗai a shagonsa. Bayan wata biyu mu ga wa ya fi farin ciki. Wannan binciken ne zai kai ni kujerar farfesa, in sha Allahu. Tsarin ya yi, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba.

Talata, 15 ga Oktoba
Manniru, mataimakina, ya shigo yana sosa ƙeya. Wai 'yan rukuni na biyu sun fara zama a tabarmar na farko. Ikon Allah! To wa zan gwada da wa?

Laraba, 16 ga Oktoba
Na je da kaina. Hansatu mai atamfa, uwar tabarmar, ta riƙe haɓa: "Haba Dakta, ina ci maƙwabciyata na kallo, in ƙi cewa bismilla? A garinku haka ake yi?" Ni haifaffiyar Kano za a koya wa bismilla! Na yi musu bayani dalla-dalla, suka ce to.

Alhamis, 24 ga Oktoba
'Yan rukuni na biyu kowa ya koma shagonsa, sai Christina mai takalma. Mijinta ya rasu bara, gidan nata a Jikwoyi ba kowa. Cire ta daga binciken ba zai yiwu ba, mutanen da suka rage ba su da yawa. In ta ci gaba da zama a tabarmar kuma, aikin ya lalace. Manniru ya ce bakinsa ba zai iya ba. Rago. Gobe ni zan gaya mata, ai ba zagi ba ne.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Cunkoso a hanya. Ban je ba.

Litinin, 28 ga Oktoba
Na sami Christina a tabarmar, hannu cikin kwano, tana dariya har da dukan cinya. Tana ganina ta tsame hannun ta miƙe: "Oga madam, yi haƙuri, yanzu zan koma shago." Ban san lokacin da na ce "Zauna, Mama, ƙarasa" ba. Hansatu ta matsa mini wuri.

Na gaya wa Manniru tsarin ne ke da gyara, mu sake shi baɗi. Kujerar ma ba guduwa za ta yi ba. Ya tsaya yana kallona. Miyar Hansatu ce ta cika yaji, shi ya sa idona ya yi ja.